Na Ce Wa Farfesa "Well Done, Ma", Tun Ranar Na Kasa Rubuta Mata

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a wata jami'a a Ingila, ban daɗe da zuwa ba. Makon jiya wata babbar farfesa ta zo ta yi mana lacca a kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara da damina. Anti, ban taɓa jin lacca irinta ba. Kafin in taho na yi aikin rabon maganin nan gida-gida a ƙaramar hukumarmu, to da ta zo kan ƙwayoyin da ake bar wa uwa ta bai wa yaro a rana ta biyu da ta uku, sai na ji kamar tare muka yi yawon. Na sha ganin iyaye mata suna ƙulle su a bakin zane, wai sai ranar da jikin yaron ya yi zafi. Da aka tashi na kutsa cikin mutane, na ɗan russuna, na ce mata, "Well done, ma!" Ta ɗan yi jim, ta yi murmushi, ta yi godiya, ta juya wajen wani. Da muka fito wata Baturiya 'yar ajinmu ta ja ni gefe ta ce malami ne ke faɗa wa ɗalibi haka, ba a faɗa wa farfesa. Wani ɗan ƙasarmu kuma ya ce ai da "You killed it" na ce, shi ne na zamani. Burina matar nan ta duba ni a digiri na uku, amma yanzu kunya ta hana ni rubuta mata, ko a aji ma na daina ɗaga hannu. In ba ta haƙuri ne, ko in yi shiru? Kuma wace kalma ce daidai?

Ƙanwarki daga Ingila

Wa'alaikumus salam ƙanwata.

Ki fara da sauke wannan nauyin daga ƙirjinki, domin abin da ya faru bai kai girman da kika ba shi ba. Ki tuna yadda wurin yake: mace ta tsaya ta yi magana mai tsawo, ta amsa tambayoyi, ga mutane sun yi mata layi kowa da abin da zai ce. Jim ɗin da kika gani zai iya zama mamaki, zai iya zama gajiya, zai iya zama tana ƙoƙarin tuna ko ta taɓa ganinki ne. Kuma wadda ta ƙare rayuwarta a kan zazzaɓin cizon sauro, da wuya a ce ba ta taɓa aiki da 'yan Najeriya ko 'yan Ghana ba, da wuya kuma a ce wannan ne karon farko da kunnenta ya ji wannan gaisuwar. Abin da ta gani shi ne ɗaliba ta ratso taro fuskarta cike da murna. Babu malamin da ke riƙe irin wannan a matsayin laifi.

Amma ba zan ce miki Baturiyar nan ta yi kuskure ba. Gaskiya ta faɗa miki, kuma ta kyauta da ta ja ki gefe maimakon ta yi shiru ta bar ki ki maimaita. Ki riƙe ta.

Ga inda aka samu saɓanin. A gida, idan muka ce "well done", sannu da aiki muke nufi. Gaisuwa ce. Ana yi wa magini yana kan katanga, ana yi wa mai shara, ana yi wa shugaban ma'aikata idan an shiga ofishinsa an tarar da shi cikin takardu. Ba ruwanta da ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba, ba ruwanta da wane ne babba. Yarabawa ma suna da irin wannan gaisuwar ta mai aiki a harshensu, shi ya sa da muka karɓi Turanci muka nemo wasu kalmomi biyu muka ɗora musu wannan aikin, kuma duk ƙasar ta fahimta. Haka muka yi da "sorry": mutum ya yi tuntuɓe mu ce masa haka, sannu muke nufi, Bature kuwa sai ya juyo ya ce ai ba laifinki ba ne.

A bakin mutanen Ingila kuwa, "well done" kalmar hukunci ce. Wanda ya faɗe ta yana cewa ne ya duba aikin, ya auna, ya ga ya yi. Shi ya sa daga sama take gangarowa: malami ga ɗalibi, uwa ga yaron da ya iya ɗaure takalminsa, shugaba ga na ƙasa da shi. Tsara ma sukan faɗa wa juna, musamman idan ɗaya ya haye wani abu mai wuya. Abin da ba ta cika yi ba shi ne hawa sama.

Kuma ke kin san wannan dokar tun kafin ki san Turanci. Ki ɗauka an tashi daga tafsiri, malam ya yi bayanin da ya sa mutane hawaye, sai wata ɗalibar Islamiyya ta matso ta ce, "Malam, gaskiya ka yi ƙoƙari." Babu zagi a ciki, amma duk wanda ke wurin sai ya ɗago kai. Wace ce ita da za ta ba malam maki? Abin da muke faɗa shi ne Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa malam lafiya, yau mun ƙaru. Ki duba su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta auna malam. Addu'a ce da godiya da faɗin abin da mu muka samu. To haka kunnen Baturiyar nan ya ji maganarki: ke kin ce sannu da aiki, ita ta ji "kin yi ƙoƙari". Ladabinki bai gaza ba, kalmar ce ta canza ma'ana a hanya.

"Ma" ɗin ma ki ajiye shi sai kin dawo gida. A can, idan aka ce haka, uwa ake nufi a maganar cikin gida, "Ma'am" mai kama da shi kuma da ake faɗa don girmamawa an fi jin sa a fadar sarauta da wajen sojoji da 'yan sanda idan suna magana da shugabarsu mace. "Sir" kuma yaran makarantar sakandare ne ke kiran malaminsu da shi, sai masu kanti da baƙon da ba su san sunansa ba. A jami'a, Farfesa ko Dakta tare da sunan mahaifi ya wadatar a karon farko, kuma da yawansu za su ce ki kira su da sunansu na yanka kawai. Na san wannan yana da nauyi a bakin 'yar Katsina, wadda ko sunan yayanta ba ta iya kamawa kai tsaye. Amma idan mutum ya ce ga yadda yake so a kira shi, bin abin da ya ce shi ne girmamawar.

Kada wannan ya sa ki raina Turancin da kika taho da shi. Ba karyayye ba ne, na wani gari ne daban. A watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da okada da danfo da Kannywood. Su ma masu harshen sun yarda cewa yana da rassa. Abin da ke gabanki shi ne ki koyi reshen garin da kika sauka, ki riƙe naki don ranar da za ki koma.

Shi kuwa ɗan'uwanmu mai "You killed it", Allah ya taimake ki ba shawararsa kika bi ba. Wannan magana ce ta masu hawa dandamali, 'yan barkwanci da mawaƙa, ana faɗa wa wanda ya rikita 'yan kallo. Tana da 'yan'uwa: "You nailed it", da "You smashed it" wadda matasan Ingila ke yawan faɗa, da "You knocked it out of the park" wadda ta fito daga wasan ƙwallon gora na Amurka, inda mai bugu ke make ƙwallo har ta fice daga fili. Duk yabo ne na gaske, kuma za ki ji su kullum. Amma ki lura da lokacin da ake faɗarsu. Ana faɗa wa wanda ya shiga da fargaba ya fito lafiya: ƙawarki da ta kwana tana haddace bayaninta, hannunta na rawa a gaban aji, ta gama ta dawo ta zauna kusa da ke. Nan ne wurinsu, ki rungume ta ki faɗa mata. A cikinsu akwai cewa "mun san abin da wuya, ga shi kin haye". Wadda ta shekara da shekaru tana tsayawa gaban taro ba ta shiga da shakkar hayewa ba, faɗa mata haka kamar nuna cewa ke kin yi shakka ne. Ga kuma sabon da kalmomin ke nunawa, wanda babu shi tsakaninku tukuna.

Tunda muna kan wannan, ki san cewa mutanen nan sukan rage wa yabo gishiri, kuma wannan zai shafe ki ranar da aka dawo miki da aikinki. Idan ɗan Ingila ya ce "not bad at all", sau da yawa ya yaba sosai. Idan ya ce "quite good", yana iya nufin da dama-dama kawai, alhali Ba'amurke da kalmomin nan biyu yana nufin ya yi kyau ƙwarai. "Interesting" kuma takan zama yabo, takan zama hanyar kauce wa faɗin ra'ayi, sai kin saurari abin da ya biyo baya. Saboda haka kada ki yabi lacca da ita ita kaɗai.

To me ya kamata ki ce? Abu mai sauƙi ne har za ki yi mamaki: "Thank you, I learned a lot from your talk." Ko kuma "Thank you, I really enjoyed your talk." Shi ke nan. Ɗalibi zai faɗa wa farfesa, farfesa zai faɗa wa ɗan'uwansa, babu wanda zai ɗaga gira. Ki duba yadda aka gina su: godiya ce a gaba, sannan maganar a kanki take, ba a kanta ba. Ba ki ce ta iya ba, kin ce kin ƙaru. Wannan shi ne "mun ƙaru" ɗinmu da tufafin Turawa, kuma shi ne kaɗai abin da kike da hurumin shaida a kai, domin babu wanda ya fi ki sanin abin da ya shiga kanki.

Amma ina so ki gane cewa wannan jimlar buɗe ƙofa ce kawai. Duk wanda ya bi layin nan ranar ya faɗi irinta, kuma kafin farfesar ta kai tashar jirgin ƙasa ta manta fuskokinsu. Jimla ta biyu ita ce ake tunawa, wadda ke nuna cewa an saurara. A nan ne nake ganin kin yi asara ta gaske ranar, ba a kalmar da kika faɗa ba, a wadda ba ki faɗa ba.

Ki sake karanta wasiƙarki. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 wannan maganin a yankin Sahel, kowane wata a tsawon damina, kuma Katsina na cikin jihohin farko da aka soma shi a Najeriya. Tsarin kwana uku ne: ranar farko ma'aikaciya ta ba yaro a gabanta, sauran kwana biyun a bar wa uwa. Duk wanda ke bincike a kan shirin ya san cewa a kwana biyun nan ne ake rasa ganin abin da ke faruwa, domin ma'aikaciya ta wuce gida na gaba, takardarta kuma ta nuna an bayar. Ke kuwa kin shiga zaurukan nan. Kin tsaya a tsakar gida cikin caɓi, kin ga uwa ta karɓi ƙwayoyin ta ƙulle a bakin zane, kin kuma ji dalilinta: me zai sa a bai wa yaro mai lafiya magani, alhali gobe zai iya kwantawa kuma asibiti da nisa? Wataƙila kin ga wadda ta raba wa yayansa, ko wadda ta daina saboda ya yi amai ranar farko. A ɗakin laccar nan mutum nawa ne suka ga wannan da idonsu? Da kin ce mata, "Na gode, abin da kika faɗa kan rana ta biyu da ta uku na gan shi a Katsina, na yi rabon maganin da hannuna," ina tabbatar miki ba za ta juya wajen wani da sauri ba. Ita ce za ta fara yi miki tambaya.

Yabon gwani ya zama dole, haka ne. Kuma ba ke ce farkon wadda magana mai daɗi ta ɗauke ba. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wasu mutum biyu sun zo daga gabas suka yi jawabi, mutane suka yi ta mamakin iya maganarsu, sai Manzon Allah (SAW) ya ce lallai a cikin bayani akwai sihiri. Amma addininmu ya yi wa yabon ido-da-ido linzami. A hadisin Abu Bakra da ke Bukhari da Muslim, wani ya yi ta yabon wani a gaban Annabi (SAW), sai ya ce masa, kaitonka, ka yanke wuyan abokinka, ya kuma maimaita. Sannan Tirmizi ya kawo daga Usama ɗan Zaidu cewa wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai yin Allah ya saka maka da alheri, to ya kai matuƙa wajen yabo. Ina son wannan hadisin ƙwarai, domin ya ɗauke wa mutum wahalar neman manyan kalmomi. Godiya ta gaskiya ta isa. Da Hausa ne, da Larabci ne, da Turanci ne, ba ta taɓa yi wa na ƙasa girma a baki, ba ta kuma kumbura kan na sama.

Batun ba da haƙuri kuwa, a'a. Kada ki yi. Idan kika buɗe wasiƙarki da neman gafara kan kalmar da wataƙila ta manta, kin tilasta mata ta tuno, sannan ta ɓata layi biyu tana lallashinki, kuma hoton farko da za ta riƙe naki shi ne na yarinya mai fargaba. Ba abin da kike so ta tuna ke nan ba ranar da take zaɓen ɗaliban digiri na uku. Ba ki zage ta ba, ba ki ci mata fuska ba. Babu bashin da za ki biya.

Shiru ma ba shi ba ne. Ki rubuta mata a wannan makon, tun laccar ba ta yi nisa ba. Kafin ki rubuta, ki nemo ɗaya daga cikin maƙalunta a ɗakin karatun jami'arku ki karanta ta tsaf, ba taƙaitawar farko kaɗai ba. Sannan ki yi wasiƙar gajera, wadda za a karanta a waya ba tare da an ja ƙasa sau da yawa ba. Ki buɗe da "Dear Professor" da sunan mahaifinta. Ki bar doguwar gaisuwar nan tamu ta ya aiki ya iyali ya sanyi, kada kuma ki jera mata kirari cewa ita ce fitilar ilimi. A wajenmu ladabi ne, a wajensu yakan sa a fara zargin akwai abin da ake nema. Ki ce kina cikin waɗanda suka saurare ta ranar kaza a wuri kaza, kin gode. Ki faɗi wurin da ya taɓa ki da abin da kika gani a Katsina, layi uku ko huɗu. Ki yi tambaya ɗaya tak, ta gaske, wadda ke kanki kike son jin amsarta, misali ko akwai hanyar da aka gwada ta tabbatar da cewa ƙwayoyin kwana biyun nan sun shiga cikin yaro ba tare da an sake aiko ma'aikaciya ba. A ƙarshe ki faɗa mata kai tsaye cewa kina tunanin digiri na uku a wannan fannin, ko za ta iya ba ki 'yan mintuna ku yi magana. Kada ki ɓoye wannan ki bar shi sai wasiƙa ta uku. Sun fi son su san inda mutum ya dosa tun farko.

Idan ta amsa ta sa hannu da sunanta na yanka kawai, yawanci alama ce cewa za ki iya kiranta da shi. Idan mako biyu suka wuce shiru, kada ki ce ai saboda maganar nan ce. Akwatin saƙon irin waɗannan mutanen a cike yake kullum. Ki tura tunatarwa ta layi biyu, sau ɗaya. In har yanzu shiru, ki tambayi malamin da ya gayyato ta ko zai haɗa ku, domin irin wannan haɗin ya fi saƙon baƙo saurin samun amsa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba farfesar ba ce, layin nan ne da kika ce kin daina ɗaga hannu a aji. Wannan ne zai iya cutar da ke. Digirin shekara ɗaya ne a yawancin jami'o'insu, yana ƙarewa kamar ƙiftawar ido, kuma malaman da za su rubuta miki takardar shaida gobe daga abin da kika faɗa a aji za su san ki. Za ki sake faɗin wata kalmar da ba ta zauna daidai ba, babu makawa, kamar yadda 'yan Sin da 'yan Indiya da Larabawan ajinku ke yi kullum kuma ana wucewa. Ki roƙi Baturiyar nan ta ci gaba da ja miki kunne a gefe idan ta ji wani abu, ke kuma ki riƙa sauraron yadda suke magana da malamansu, me suke cewa idan an gama lacca, da wace murya. Russunawarki kuma ba abin kunya ba ce, sai dai a can ɗan sunkuyar da kai da kallon mutum a fuska ya isa.

Ranar Litinin, a darasin farko, ki ɗaga hannu ko da tambayar ƙarama ce. Wasiƙar kuma kada ta kai Juma'a ba ki tura ba. Allah ya ba ki sa'a, ya sa ki gama lafiya.

Antinki